Tukwane Uku Ko Buhu Ɗaya

Mu da muka tashi muna jin ana rage murya in an ambaci burukutu, ba mu cika sanin cewa a Amurka ma dafa giya a gida laifi ne ba, har 1978. A shekarar ne Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba baligi izinin dafa galan 100 a shekara.

Da farko, yawancin masu dafawa ruwan tsiron sha'ir na gwangwani suke saye. Masu son farawa daga ƙwayar hatsi kuwa sai suka kwaikwayi masana'anta da tukwane uku: ta ruwan zafi, ta jiƙa tsiro awa guda a zafin digiri 66, da ta tafasawa. Tsada da cin wuri suka kori mutane da dama.

Wajen 2006 wasu 'yan Ostareliya suka yaɗa dabarar zuba tsiron a buhun yadi cikin tukunya ɗaya, a ɗaga shi ya tsane. Aka sha musu, amma giyar ta yi.

Matan Maguzawa kuwa tun kaka da kakanni suke tsirar da dawa, su dafa a tukwanen ƙasa, babu ma'aunin zafi sai ido da hannu.