Fobos a Sabon Alkawari: Tsoro Ne ko Girmamawa?

Wata magana ta samu gindin zama a wa'azin Kiristoci na zamaninmu, cewa duk inda Sabon Alkawari ya ce a ji tsoron Allah, kalmar Girkancin da aka fassara ba tsoro take nufi ba, girmamawa ce kawai. Da kyakkyawar niyya ake faɗin haka, don kada a siffanta Allah da azzalumin sarki. Sai dai nassin bai goyi bayan wannan ra'ayi ba, kuma a ganina asarar da ake yi wajen tausasa kalmar ta fi ribar yawa.

Kalmar ita ce fobos, aikatau ɗinta fobeomai. Sunan ya zo kusan sau 50 a Sabon Alkawari, aikatau kuwa fiye da sau 90. A waƙoƙin Homa, mawaƙin Girkawa na dā, ma'anarta gudu ce, irin wanda mayaƙa kan yi idan sahu ya karye, har Girkawa suka ƙirƙiro gunki mai suna Fobos, ɗan Ares gunkin yaƙi. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, masanin falsafa Aristotal ya bayyana ta da tashin hankalin da ke kama mutum idan ya hango cuta ko halaka na tafe. Masanan falsafar Istoyik kuwa sun lissafa fobos cikin cututtukan zuciya, suka ware wa mai hikima wata kalma mai sanyi, yulabeya, wato taka-tsantsan. Ke nan lokacin da Yahudawan Iskandariya suka fara juya littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin Almasihu, fassarar da ake kira Sabtuwajin, kalma mai laushi tana hannunsu. Duk da haka, inda Ibrananci ya ce yir'a game da Ubangiji, galibi fobos suka sa. Wannan Girkanci ne marubutan Sabon Alkawari suka gada.

Tarihin kalma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Tun 1961 masani James Barr ya gargaɗi masu tafsiri kada su ɗora wa kalma kayan asalinta duk inda suka gan ta. Don haka a duba yadda aka yi aiki da ita, kuma babu inda ya fi Markus sura 4 da 5 nuna hakan.

Guguwa ta taso a tafkin Galili, ruwa yana cika jirgi, Yesu na barci a baya bisa matashi. Almajirai suka tashe shi, ya tsawata wa iska, wuri ya yi tsit. Da ya zarge su da tsoro, kalmar da Markus ya sa a bakinsa deiloi ce, ragwaye, waɗanda zuciyarsu ta karaya. A aya ta 41 ne fobos ta shigo, Markus ya jera aikatau da sunan tare ya ƙara musu siffar girma. Abin lura shi ne wannan babban tsoro ya zo bayan hatsari ya wuce. Ruwa ya kwanta, babu sauran nutsewa, amma yanzu ne jikinsu ya mutu, suna tambayar juna ko wane ne wannan da suke jirgi ɗaya da shi. In aka ce girmama shi suka yi, labarin ya rasa ƙashin bayansa.

Suna sauka ƙasar Garasinawa Yesu ya warkar da mai aljannun da ke kwana a makabarta. Mutanen gari suka zo suka tarar da shi zaune, sanye da tufa, da hankalinsa. Suka ji tsoro, suka roƙi Yesu ya bar musu ƙasarsu. Ayoyi kaɗan a gaba, matar da ta shekara 12 tana zubar jini ta taɓa rigarsa a cikin cunkoso ta warke. Ya waiwaya yana neman wanda ya taɓa shi. Ita ma ta ji tsoro, har tana rawar jiki, amma ta matso ta faɗi a gabansa ta bayyana gaskiya duka, shi kuma ya kira ta 'yata. Aikatau ɗaya ne a wuraren biyu. Ƙamus ba zai raba Garasinawa da wannan mata ba. Abin da ya raba su shi ne inda tsoron ya kai kowannensu.

Luka 12 ma haka yake. A cikin ayoyi huɗu Yesu ya hana almajirai tsoron masu kashe jiki, ya umarce su da tsoron wanda ke da iko bayan mutuwa, sannan ya sake hana su tsoro, yana tuna musu Allah ba ya manta da ko gwara. Kalmar ba ta sauya ba. Kuma umarnin na tsakiya an haɗa shi da hukunci ƙarara, babu yadda za a mai da shi ladabi.

Hujja mafi ƙarfi ta masu ɗaya ra'ayin ita ce 1 Yahaya 4:18, inda cikakkiyar ƙauna ke korar fobos. Sukan haɗa da 2 Timoti 1:7, amma can deiliya aka rubuta, ragwantaka, don haka ba ta cikin wannan shari'a. Ta Yahaya ce ke da nauyi, kuma marubucin da kansa ya fayyace cewa tsoron da ke jiran azaba yake nufi. Agustin, bishop na Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya warware wannan a farkon ƙarni na 5 da misalin mata biyu: maciya amana tana tsoron mijinta ya dawo, mai riƙon amana tana tsoron kada ya tafi. Bai ce ta biyun ba tsoro take ji ba.

Akwai wuraren da fobos ta karkata zuwa ganin girma, musamman tsakanin mutane. Afisawa 5:33 ta yi amfani da aikatau ɗin game da mace da mijinta, Romawa 13:7 kuwa da sunan game da hukuma. Wannan gaskiya ne, kuma mai fassara yana da uzuri in ya sassauta a nan. Amma ba a ɗaukar ma'anar gefe a mai da ita ta ko'ina. Bitrus ya san bambancin. A wasiƙarsa ta fari, 2:17, ya ba da umarni huɗu: ga dukan mutane da kuma sarki ya yi amfani da timao, ainihin kalmar girmamawa, ga 'yan'uwa ƙauna, ga Allah kuwa fobeomai. Sarkin da yake magana a kai Kaisar ne na Roma, mai iko da takobi, amma a wannan aya bai samu fiye da abin da talaka ya samu ba. In aka fassara tsoron Allah da girmamawa a nan, an sa Allah da Kaisar a sahu ɗaya, abin da marubucin ya tsara jimlarsa don ya hana.

Mai karatu da Hausa, wanda ya samu cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensa tun 1932, bai cika buƙatar wannan gyara ba. A bakin Bahaushe, Musulmi ko Kirista, matsoraci zagi ne, mai tsoron Allah kuwa shi ake ba ajiya, alhali saiwar kalmomin ɗaya ce. Malamin da ya tsaya a majami'a ya ce wa irin waɗannan mutane Girkanci ya soke tsoron, ya ɗauko matsalar da masu wasu harsuna ke fama da ita ne ya kawo wa waɗanda ba su da ita.