Araha Ba Ta Ado: Tarihin Sayen Kayan Asibiti Daga Zamanin En'e Zuwa Inshorar Lafiya a Rano da Kibiya

Duk na'urar da ma'aikacin lafiya ya ɗauka a babban asibitin Rano, ko a ƙananan asibitocin mazaɓu irin su Rurum da Tarai, akwai wanda ya yanke shawarar sayenta tun kafin marar lafiya ya shigo. Wani ne ya zaɓi kamfanin, wani ya amince da farashin, wani kuma ya sa hannu cewa kaya sun iso lafiya. Idan shawarar ta yi kyau, na'urar awon hawan jini za ta faɗi gaskiya, mai juna biyu ta sami magani kafin jijjiga ta kama ta. Idan kuwa an sayo ta banza, sai a auna a ce mata lafiya lau, ta koma gida da cutarta. Wannan ya sa tarihin yadda hukuma ke sayen kayan asibiti ya cancanci mai karatu ya san shi, musamman yanzu da ake cirar kuɗin jama'a tun suna da lafiya da sunan inshora.

Zamanin da babu gasa

A zamanin mulkin mallaka, gwamnatocin ƙasashen da Ingila ke mulka ba su cika kiran 'yan kasuwar gida su yi takarar kawo kayan asibiti ba. Akan rubuta jerin abin da ake bukata a aika Landan, wurin hukumar Crown Agents, ita ce ke sayowa ta ɗoro a jirgin ruwa. A ƙasar Kano, En'e ce ta ɗauki nauyin yawancin aikin lafiyar talakawa da kuɗin baitulmali. Ita ta gina asibitin birni a ƙarshen shekarun 1920, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, ta kuma buɗe asibitocin sha-ka-tafi a garuruwan hakimai. Kayan da ke zuwa ta wannan hanya suna da ƙarko, amma kaɗan ne, sukan daɗe a hanya, kuma riba tana komawa masana'antun Ingila. Talakan da ya biya haraji ba shi da bakin tambayar nawa aka saya.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, da kafa Jihar Kano a 1967, da gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, sayayya ta dawo hannun ma'aikatun gida. Shekarun arzikin man fetur suka zo da gine-gine da manyan kwangiloli, ɗan kwangila ya zama babban mutum a gari. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Dattawa suna tuna lokacin da likita zai rubuta magani, a je ɗakin magani a ce babu, sai a nufi kemis. Har auduga da sirinji da safar hannu majinyaci ke sayowa.

Daga Bamako zuwa PTF

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, babban birnin Mali, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da wata dabara: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan ƙaramin ƙari, ya sake sayo wani da kuɗin, jama'ar gari kuma su sa ido. Nijeriya ta karɓi tsarin a zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. Inda aka riƙe amana jarin ya ɗore. Inda aka karkatar da kuɗin cinikin zuwa wata hidima, kanta ta sake zama wayam.

A tsakiyar shekarun 1990 asusun rarar man fetur, wato PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta a mulkin Janar Sani Abacha, ya cika asibitoci da magunguna da kayan aiki. Jama'a sun gani a ƙasa, amma tun da aka rushe asusun a 1999 aka yi ta muhawara kan yadda aka raba kwangilolinsa, kuma da tafiyarsa kayan suka yanke. Darasin waɗannan shekaru shi ne wadatar kuɗi kaɗai ba ta tsayar da kaya a asibiti, sai an sami tsayayyar ƙa'idar saye wadda ba ta mutuwa da tafiyar gwamnati.

Dokar gasar kwangila

Wannan ƙa'ida ta fara kafuwa a 2001, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta buɗe ofishin tantance kwangiloli a fadar shugaban ƙasa. A watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayayyar gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Dokar ta mayar da gasa a bainar jama'a ita ce asalin hanyar ba da kwangila: a tallata aikin a jarida, kowane kamfani ya rufe tayinsa a ambulan, a buɗe su a gaban masu takara.

Akwai wurin da mutane da yawa ke yi wa dokar gurguwar fahimta. Ba ta ce a ba duk wanda ya fi araha ba. Cewa ta yi a fara tace waɗanda suka cika sharuɗɗan aikin, sannan a cikinsu a zaɓi mai ƙaramin farashi. Ta kuma tanadi jingina: a manyan kwangiloli mai tayi zai ajiye abin da bai wuce kashi 2 cikin ɗari na tayinsa ba, wanda ya ci kuma zai kawo lamunin kammala aiki na aƙalla kashi 10 cikin ɗari kafin a ba shi kuɗin somin aiki. Dokar ta tarayya ce, don haka jihohi suka riƙa yin nasu daga baya.

A Kano, babban sauyin da ya shafi asibitocin karkara ya zo a 2009, a gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, da kafa hukumar samar da magunguna da kayan asibiti ta jiha, DMCSA. Hikimar ita ce sari: maimakon kowane asibiti ya shiga kasuwa shi kaɗai, hukuma ta sayo a dunƙule, asibitocin gwamnati su saya daga rumbunta. Mai sayen katan dubu yana da bakin tayi da mai sayen katan biyu ba shi da shi, kuma ya fi iya bincikar asalin kaya.

Inda inshora ta shigo

An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da doka ta 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen asusun gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Rabin kuɗin na inshorar marasa ƙarfi ne, kashi 20 na magunguna da rigakafi da kayan amfanin yau da kullum, kashi 15 kuma na gyaran asibitoci da na'urori da sufuri. Jihar Kano ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, a 2016, a gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje. A watan Mayun 2022 sabuwar dokar NHIA ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa.

A tsarinmu, hukumar inshora takan biya asibiti wani adadi duk wata bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi, ta kuma biya kuɗin manyan ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Asibiti da ma'aikata da rumbun jiha su ke sayen kaya. Ke nan gasar tana gudana a ofis a Kano, nesa da idon malamin makarantar Kibiya da ake cirar kuɗi daga albashinsa. Domin a ga abin da gasa ke iya gyarawa da abin da take iya ɓatawa, yana da kyau a leƙa ƙasar da hukumar inshora da kanta ta gwada ta a fili.

Darasi daga Amurka

Medicare, inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi da aka kafa a 1965, ta daɗe tana biyan tsayayyen farashi a kan kayan jinyar gida, irin su keken guragu, gadon majinyaci, na'urar iskar numfashi da tsinken gwajin suga. Da aka lura farashin ya zarce na kasuwa, dokar 2003 ta umarci a koma gasa. An fara ranar 1 ga Yulin 2008 a yankuna 10, amma bayan mako biyu majalisa ta dakatar da shirin saboda koke-koke. Aka sake farawa a Janairun 2011 a yankuna 9, hukuma ta ce farashi ya sauka da kimanin kashi 32 cikin ɗari. A Yulin 2013 aka ƙara yankuna 91, ragin ya kai kimanin kashi 45.

Sai dai a 2010 masana 167, bisa jagorancin Farfesa Peter Cramton, sun rubuta wa majalisa suna nuna aibi huɗu, ga biyu daga ciki. Na farko, tayi ba ya ɗaure mai shi: kamfani zai iya rubuta farashin da ya san ba zai iya ba, ya karya kasuwa, sannan ya ƙi karɓar kwangilar ba tare da hukunci ba. Na biyu, akan tsayar da farashi a tsakiyar tayin waɗanda suka ci, don haka kusan rabinsu ana biyansu ƙasa da abin da suka nema. A 2015 majalisa ta wajabta jingina, aka tsayar da ita dala 50,000 a kowane yanki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne makomar karkara. A 2016 aka shimfiɗa farashin da aka samo daga gasar birane a kan yankunan da ba a yi gasa ba. Masu kai kaya ƙauyuka suka ce kuɗin bai ɗauke tsadar tafiya ba, har a 2018 hukuma ta ɗaga farashin karkara. Farashin da ya isa a kai na'ura Fagge ba lallai ya isa a kai ta Saji, a kuma dawo gyaranta bayan wata shida ba.

Abin da ya rage mana

Wani bincike da Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke suka wallafa a 2011, bayan duba na'urori sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya gano kimanin kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, galibi saboda rashin horo, rashin kayan gyara da matsalar lantarki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna da kayan lafiya a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki jabu ne ko marar inganci. Wannan barazana ce ta sa a Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna suka rufe shagunan sarin magani a Sabon Gari, domin a koma sabuwar cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya.

Saboda haka kwangilar da za ta amfani Rano da Kibiya sai ta ƙunshi fiye da farashin kwali. Ta faɗi wanda zai kai kaya har asibitin, wanda zai koya wa ma'aikata aiki da su, shekarun garanti, da inda za a sami batir, tsinken gwaji da kayan gyara. Na'urar gwajin suga mai araha wadda ba a samun tsinkenta a Kano ta fi kowacce tsada. Firijin rigakafi da ba ya aiki da hasken rana ba shi da amfani a garin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba.

Mai karatu ma yana da rabonsa. Idan kana da rajistar inshora, nemi sanin jerin abin da tsarinka ya ɗauke maka, kuma duk abin da aka ce ka sayo a waje, ka riƙe rasit, ka kai koke ofishin hukumar. Idan kana da hawan jini, ka kai na'urarka ta gida asibiti a kwatanta ta da tasu aƙalla sau ɗaya a shekara. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin magani da tsinken gwaji. Kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin garinku yana da damar tambayar abin da aka kawo, da wanda ya kawo shi, da ko yana aiki. A zamanin En'e talaka ba shi da wannan dama. Yau da kuɗinsa ake saye tun kafin ciwo ya zo, kuma sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.