Tarihin Binciken Irin Tumatir: Daga Tsaunukan Andes zuwa Lambunan Damagaram

Tumatir, wanda masana tsirrai ke kira Solanum lycopersicum, baƙo ne a ƙasar Hausa, ko da yake ya daɗe da zama ɗan gida a tukunyar miya. Kakansa tsiron daji ne mai 'ya'ya 'yan mitsi-mitsi da ke fitowa a Peru da Ekwado. A Meziko aka gama mai da shi abin nomawa, sannan Sifaniyawa suka ƙetara da shi Turai a ƙarni na 16, inda Mattioli na Italiya ya ambace shi a littafinsa a 1544. A kowane zango 'yan iri kaɗan ake ɗiba a yi gaba, shi ya sa tumatirin gona ya iso zamaninmu da ƙarancin bambancin gado, har cuta ɗaya kan iya kwantar da gonaki masu yawa.

Yawancin aikin masu inganta irinsa, tun daga nan, komawa daji ne neman abin da aka baro. A wajajen 1940 masana a Amurka suka yi barbarar tumatirin gona da ɗan'uwansa na daji, Solanum pimpinellifolium, suka samo ƙwayar gado mai jure ciwon yaushi na Fusarium. A 1944 Paul Smith na Jami'ar Kalifoniya ya yi wanda ya fi wannan wuya. Ya haɗa tumatirin gona da Solanum peruvianum, mai jure tsutsar da ke kumbura saiwa, amma da yake dangantakar ta yi nisa, irin kan mutu tun bai nuna ba. Sai ya ciro ɗan tayin daga cikin ƙwayar, ya rene shi a kwalba. Daga wannan aiki aka sami ƙwayar gadon da ake kira Mi. Charles Rick kuwa, wanda ya rasu a 2002, tun 1948 yake zirga-zirga a tsaunukan Andes, har tsibiran Galapagos ya je tattara dangin tumatir, kuma rumbun irin da ya kafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis na ɗauke da sunansa.

Nau'o'in da manomanmu suka fi sabawa da su 'ya'yan wannan zamani ne. Roma ta fito daga Ma'aikatar Noma ta Amurka a 1955, harufan VF da ke jikin gwangwanin irinta kuma suna nuna juriya ga ciwon yaushi na Verticillium da na Fusarium. UC82 ta biyo baya daga Davis a shekarun 1970. Ita dai domin injin girbi da masana'antar tumatirin gwangwani aka tsara ta: gajeren tsiro, tsoka mai tauri, nuna kusan lokaci guda. Taurin ya yi mana rana, domin yana jure kwando da doguwar tafiya daga Kano zuwa Legas, kuma yana daɗin shanyawa a yi kauɗa. Nunar lokaci guda ce ba ta dace da mu ba: kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi warwas.

Babbar matsalar ita ce zafi. Idan rana ta wuce digiri 35, dare kuma bai huce ba, garin fure kan lalace, furen ya kakkaɓe ba 'ya'ya. Ita ma Mi ƙarfinta kan karye idan zafin ƙasa ya haura digiri 28. Wannan ne ya sa tumatir ya zama amfanin lokacin sanyi a lambunan Mirya da Gidimuni da kwarin Korama na ƙasar Damagaram a Nijar, inda noman rani ya ƙara ƙarfi bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a gare shi. A Takieta, mararrabar hanyar Damagaram zuwa Maraɗi da wadda ta gangara Matamaye ta nufi Kano, ɗanye kan yi araha da sanyi, ya yi tsada da bazara da damina, kauɗa ta riƙe miya.

Cibiyoyin yankin sun yi nasu ƙoƙari. INRAN a Nijar da NIHORT a Ibadan duk an kafa su a 1975, ga kuma cibiyar IAR ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, wadda aka kafa a Taiwan a 1971 kuma ta daɗe tana aikin iri mai jure zafi. Sai dai kuɗin bincike a nan ya fi karkata ga gero da dawa da wake, abin da ba za a ga laifinsa ba a ƙasar da fari ke yi wa sallama akai-akai. Ingantaccen iri mai aure kuwa yawanci daga waje ake shigo da shi, kuma dole a sake saye kowace shekara, domin 'ya'yansa ba sa gado iyayensu sak.

A 2012 mujallar Nature ta wallafa cikakkiyar taswirar gadon tumatir, aikin masana daga ƙasashe 14 a kan nau'in Heinz 1706: kuromosom 12, ƙwayoyin gado kusan 35,000. Ba a daɗe ba sai ga wani bala'in da taswirar ba ta zo da maganinsa a hannu ba. Tsutsar Tuta absoluta, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta bazu har Afirka ta Yamma. Manoman Kano suka sa mata suna sharon. A 2016 ta yi ɓarnar da ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa kuma ta tsaya saboda rashin ɗanye. Masu bincike sun sake komawa ga dangin daji, musamman Solanum habrochaites da Solanum pennellii, waɗanda gashin ganyensu ke fitar da wani sinadari mai korar ƙwari, suna neman shigar da wannan hali cikin irin gona ba tare da sun ɓata girma da ɗanɗanon 'ya'yan ba.