Lilon Foucault: Tarihin Na'urar da ke Nuna Juyawar Duniya

Lilon Foucault ƙwallon ƙarfe ne mai nauyi da ake ratayewa da doguwar waya daga rufin dogon gini, a sake shi yana kai-komo. In aka ba shi lokaci, sai a ga layin da yake bi yana karkacewa sannu a hankali, alhali ba wanda ya taɓa shi. Dalili kuwa shi ne, lilon yana riƙe da alƙiblarsa, daɓen da ke ƙarƙashinsa da ginin da masu kallo su ne ke juyawa tare da duniya. Masanin kimiyya ɗan Faransa, Léon Foucault, shi ya fara nuna shi a birnin Paris a 1851. Ita ce hujja ta farko mai sauƙi da mutum zai gani da idonsa a cikin ɗaki, ba tare da ya dubi rana ko taurari ba. Yau ana samun irinsa a gidajen kimiyya, jami'o'i, majami'u da zaurukan majalisa a ƙasashe da dama.

Muhawarar da ta gabace shi

Tambayar ko duniya ce ke juyawa ko kuwa sama ce ke kewaya ta, tsohuwa ce. Aryabhata na Indiya ya rubuta a shekarar 499 cewa duniya na juyawa a kan kanta. Malamin nan Abu Raihan al-Biruni ya tattauna batun a ƙarni na 11, ya nuna cewa lissafin taurari zai yi daidai ko an ɗauki wannan ko wancan, ya kuma ba da labarin na'urar auna taurari da al-Sijzi ya ƙera bisa ra'ayin cewa duniya ce ke motsi. A Turai, Copernicus ya fitar da littafinsa a 1543, aka gurfanar da Galileo a Roma a 1633 saboda kare ra'ayin.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ido kaɗai ba ya raba gardamar. Wanda ke zaune a kwale-kwale a tafkin Kainji ranar da ruwa ya kwanta, yakan ga kamar gaɓa ce ke tafiya baya, shi yana tsaye cik. Mutumin Yelwa ta Yauri yana tafe gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a sa'a saboda juyawar duniya, amma ba ya ji a jikinsa, don kome na kewaye da shi tare suke tafiya.

Masana sun yi ta neman hujja a doron ƙasa. A 1791 Giovanni Guglielmini ya riƙa sako ƙwallaye daga hasumiyar Asinelli a Bologna, yana duba ko za su faɗi ɗan gabas da inda aka saita. Ferdinand Reich ya maimaita gwajin a 1831 a ramin haƙar ma'adinai kusa da Freiberg a Jamus. An ga karkatar, amma 'yar ƙanƙanuwa ce, ƙwallayen kuma sun warwatsu, sai ƙwararre ne zai gamsu da sakamakon. A tsakiyar ƙarni na 19 masana ba su da sauran shakka, abin da ya rage shi ne hujjar da talaka zai gani.

Foucault da gwajin 1851

An haifi Foucault a Paris a 1819. Ya soma karatun likita, amma ya bari saboda ba ya jure ganin jini, ya koma ƙere-ƙere da gwaje-gwajen haske. Shi da Hippolyte Fizeau suka ɗauki hoton rana a 1845, a 1850 kuma ya tabbatar da cewa haske ya fi gudu a iska fiye da a ruwa.

Dabarar lilon daga ɗakin ƙira ta faɗo masa. Ya lura cewa in aka maƙale siririyar sandar ƙarfe a bakin injin mai juyi, aka ɗan ja ta aka saki tana karkarwa, to ko an juya bakin injin, karkarwar ba ta sake alƙibla. Sai ya yi tunanin cewa lilo ma haka zai yi, duniya kuma ita ce za ta zama injin da ke juyawa a ƙarƙashinsa.

A farkon Janairun 1851 ya rataye ƙwallo mai kilo 5 da waya mai mita 2 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa, ya ga layin lilon na karkacewa. François Arago, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Paris, ya ba shi zaure, ranar 3 ga Fabrairu Foucault ya nuna wa masana gwajin da waya mai mita 11. Labari ya kai kunnen shugaban ƙasa Louis-Napoléon Bonaparte, wanda ya sa aka ba shi ginin Panthéon domin jama'a su gani.

A ƙarshen Maris aka buɗe ƙofa. Daga ƙubbar ginin aka sako waya mai tsawon mita 67, ɗauke da ƙwallon dalma da aka lulluɓe da tagulla, mai kilo 28, aikin maƙeri Gustave Froment. A gindin ƙwallon akwai tsinke, a bakin da'irar da yake lilo kuma an tara kunyar yashi mai laima. Ba da hannu ake sakinsa ba, don hannu kan tura shi gefe ko da kaɗan ne. Ana jan ƙwallon gefe a ɗaure shi da zare, a jira har ya daina motsi gaba ɗaya, sannan a kanga wa zaren wuta ya tsinke. Kowace tafiya da dawowa takan ci daƙiƙa 16 da 'yan kai, kowace dawowa kuma tsinken yakan yanki yashin da tazarar milimita biyu da ɗoriya daga inda ya yanka a baya. Wanda ya tsaya minti goma zai ga giɓin na faɗaɗa. A sa'a guda layin ya karkace da kusan digiri 11.

Baje kolin bai cika shekara ba. Bayan juyin mulkin da Louis-Napoléon ya yi a Disamban 1851, ya mayar da Panthéon majami'a, aka sauke lilon. Foucault ya sami lambar Copley daga ƙungiyar masana ta Landan a 1855, ya rasu a 1868.

Dalilin da ya sa wuri ya bambanta da wuri

A ƙuryar duniya ta arewa, inda sandar juyawar duniya ta ratsa, ƙasa na juyawa sosai a ƙarƙashin lilo, don haka layinsa kan kammala zagaye cikin yini da kwana, digiri 15 a sa'a, yana bin hannun agogo. A ƙuryar kudu ma haka, sai dai ya saɓa wa hannun agogo. A kan layin ikwaita kuwa, ƙasa tana ɗauke da lilon ne tana tafiya gabas ba tare da ta murɗa a ƙarƙashinsa ba, don haka ba ya karkacewa ko kaɗan. Tsakanin nan da can, Foucault ya gano ƙa'idar: a ninka digiri 15 da sayin (sine a lissafin kusurwa) na digirin nisan wurin daga ikwaita, a sami karkacewar sa'a guda. A Paris zagaye ɗaya kan ci kusan sa'a 32, a Makka kusan 66, a Kano kusan 115, a Legas kusan kwana tara. Ke nan lilon ba juyawar duniya kaɗai yake nunawa ba, har da inda mai kallo yake a kanta.

Yaɗuwarsa

Kafin 1851 ta ƙare, an maimaita gwajin a babbar majami'ar Reims, a Landan, Oxford da Dublin, da hasumiyar Bunker Hill a Boston. A Roma, limamin Katolika kuma masanin taurari Angelo Secchi ya rataye nasa a majami'ar Sant'Ignazio, a birnin da aka hukunta Galileo shekaru 218 kafin nan. An kuma yi gwajin a Rio de Janeiro a shekarar, a kudancin ikwaita, inda ƙa'idar ta hango lilon zai saɓa wa hannun agogo.

Ba kowa ne ya dace ba. Da yawa sun ga lilonsu ya bar miƙaƙƙen layi ya koma zana siffar ƙwai, wadda ita ma kan jawo tata karkacewar ta ɓata lissafi. Heike Kamerlingh Onnes ya warware musabbabin haka a kundin digirinsa na 1879 a Groningen: ƙaramar tawaya a waya ko a maratayi ta isa. A 1931 Fernand Charron ya ƙirƙiro zoben da ake sawa kusa da saman wayar, wanda take ɗan gogawa a ƙarshen kowane lilo, yana kashe motsin gefe. Matsala ta biyu ita ce iska, wadda kan tsayar da lilon bayan 'yan sa'o'i. Foucault da kansa ya yi maganinta da maganaɗisun lantarki a baje kolin Paris na 1855, kuma dabarar ce ake bi har yau: maganaɗisun yana ƙara wa lilon ƙarfi ba tare da ya sake masa alƙibla ba.

Lilon a bainar jama'a

Da aka shiga ƙarni na 20, lilon ya tashi daga gwaji ya zama abin kallo, kowa kuma da saƙon da ya ɗora masa. A 1902 Camille Flammarion da ƙungiyar masana taurari ta Faransa suka mayar da shi Panthéon. A Afrilun 1931 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka rataye wani mai tsawon sama da mita 90 a majami'ar Ishaƙu da ke Leningrad, wadda suka mayar gidan yaƙi da addini, suka kuma zaɓi daren Ista don buɗe shi. An sauke shi a 1986. Na'ura ɗaya ke nan, limami ya rataye ta a Roma, masu musun addini suka rataye ta a Leningrad, ita kuwa ba ta nuna wa ɗayansu wani abu da ya wuce juyawar duniya ba.

A Amurka, cibiyar Griffith da ke Los Angeles ta buɗe da nata a 1935, ƙwallo mai kilo 109 da ke ture 'yan turakun da aka jera masa ɗaya bayan ɗaya, salon da gidajen kimiyya da yawa ke bi don yara su ga ci gaban da idonsu. A 1955 ƙasar Holan ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar lilo mai ruwan zinariya, kilo 91, wanda ke rataye a farfajiyar zauren babban taro a New York, yana kammala zagaye cikin kusan sa'a 37. Gidan tarihin Smithsonian a Washington ya riƙe nasa daga 1964 zuwa 1998. A 2001 masu bincike a tashar Amundsen–Scott da ke ƙuryar kudu suka rataye ƙwallo mai kilo 25 da waya mai mita 33 a matattakalar wani gini, suka sami kusan sa'a 24. A arewacin Afirka akwai ɗaya a Birnin Kimiyya na Tunis. Sabon ginin majalisar Indiya da aka buɗe a New Delhi a Mayun 2023 yana da lilo mai mita 22 da kilo 36, wanda ke zagaye cikin kusan sa'a 50.

Panthéon ya sake samun lilo a 1995. Ainihin ƙwallon 1851 kuwa yana gidan adana ƙere-ƙere na Arts et Métiers, inda wayarsa ta tsinke ranar 6 ga Afrilun 2010, ya faɗi ya lotsa, ya fasa daɓen marmara.

In da a Yauri ne

Mafi yawan waɗannan na'urori a Turai da Arewacin Amurka suke. Ban da kuɗi da dogayen gine-gine, matsayin ƙasa ma na da hannu. Yelwa, hedikwatar masarautar Yauri, tana ɗan ƙasa da digiri 11 arewa da ikwaita. Lilon da aka rataye a can zai karkace da kusan digiri 2.8 a sa'a, ya kammala zagaye cikin kusan sa'a 128, wato kwana biyar da sulusi. In da'irarsa ta kai mita 3 daga tsakiya zuwa baki, tsinken zai matsa kusan santimita 15 a sa'a, alhali a Paris kusan 60 ne. A Shanga, da ke arewa, zai ɗan ƙara sauri. A Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski zai ɗan rage. A madatsar Kainji kanta, can ƙarshen tafkin na kudu a Jihar Neja, zagayen zai kai kusan sa'a 140. Tsawon tafkin kaɗai ya isa ya kawo bambancin rabin kwana.

Da yake karkacewar kaɗan ce, kuskuren da ba zai dami kowa a Paris ba zai iya shanye ta gaba ɗaya a nan. Makarantar da ke son gwadawa tana bukatar waya doguwa gwargwadon iko, ƙwallo mai nauyi kuma daidaitacce, maratayin da ba ya fifita wani ɓangare, ɗaki rufaffe da iskar hunturu ko fanka ba sa shiga, da sakin lilo ta hanyar ƙona zare. In an cika waɗannan, sa'a uku za su ba da digiri takwas da ɗoriya, abin da ake iya aunawa da alli da ma'aunin kusurwa na ɗalibai.

Foucault ya san cewa dogaron lilon a kan wuri yana rikita masu kallo, shi ya sa a 1852 ya ƙera wata na'urar, faifan ƙarfe mai juyi da tsananin gudu wanda ke riƙe alƙiblarsa, ya sa mata suna jairoskof. A kanta Hermann Anschütz-Kaempfe na Jamus ya gina kamfas ɗin jiragen ruwa da ya fara aiki a 1908, wanda ke gano arewa daga juyawar duniya ba tare da maganaɗisu ba. Wannan kamfas ya fi ƙarfin aiki a kusa da ikwaita, a yankunan da lilon ya fi rauni, yana kuma gazawa a ƙuryoyin duniya biyu inda lilon ya fi sauri.