Maganin Dafin Maciji da Tarzomar Garkuwar Jiki

Maganin dafin maciji da ake yi wa mutum allurarsa a Bangui ko a asibitin Kaltungo na jihar Gombe ya samo asali ne daga aikin Albert Calmette na Cibiyar Pasteur, wadda take da reshe a Bangui tun 1961. A 1894 Calmette ya nuna cewa dabbar da aka saba wa dafi kaɗan kaɗan takan tara makari a jininta, amma da aka fara ɗura wa mutane ruwan jinin dokin da aka saba wa dafi a matsayin magani sai wasu suka riƙa fita da ƙuraje, maƙogwaro ya kumbura, bugun jini ya faɗi cikin mintuna.

Charles Richet da Paul Portier ne suka raɗa wa wannan yanayi suna anafilaksis a 1902, wato garkuwar jiki ta ɗauki baƙon furotin a matsayin maƙiyi, ta sa wasu ƙwayoyin halitta su saki sinadarin histamin da ke buɗe jijiyoyi ya kuma matse hanyar numfashi, shi ya sa likita yake ajiye allurar adirenalin kusa da gadon majiyyaci. Tace maganin ya rage haɗarin, har wani maganin dafi mai suna Fav-Afrique ya samu karɓuwa a garin Paoua na Afirka ta Tsakiya, kafin kamfanin Sanofi ya daina haɗa shi a 2014, matakin da ya fi cutar da manoma da makiyayan da kububuwa take sara.