Tsakanin Uwa da Ubangiji: Nazari a Kan Labaran Tasowar Masu Son Jinsinsu

A cikin Under the Udala Trees, littafin da Chinelo Okparanta ta fitar a 2015, akwai wani zama da ake ta maimaitawa: uwa da 'yarta a gaban tebur, Littafi Mai Tsarki a buɗe a tsakaninsu. Uwar, Adaora, ta rasa mijinta a ruwan bama-baman da jirage suka yi wa garin Ojoto a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyafara. Ɗimuwa da rashi suka sa ta kai 'yarta Ijeoma aikatau gidan wani malamin makaranta a Nnewi, inda yarinyar ta haɗu da Amina, Bahaushiya marainiya da yaƙin ya raba da danginta. Shaƙuwa ta rikiɗe ta zama so, aka kama su, aka aika wa uwar. Sai ta ɗauko 'yarta ta zaunar, suka soma daga Littafin Farawa, aya bayan aya, tana neman wanke ta. Da suka iso labarin Lutu da mutanen Saduma, yarinyar ta kasa haɗiye tambayarta game da 'ya'ya matan da Lutu ya miƙa wa taron. Uwar ta tsawata, aka ci gaba da karatu.

Ina ganin wannan zaman shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna duk wani ƙagaggen labari na matashin da ya taso cikin gidan addini ya tarar zuciyarsa ta karkata ga jinsinsa. Littafin yana yin nauyi ne gwargwadon nauyin da marubucin ya bar wa uwa da kuma imani. Idan ya mayar da uwar dodo, ya mayar da addinin kurkukun da jarumi zai fasa ya tsere, to ya sauƙaƙa wa kansa aiki, kuma ya yi wa matashin ƙarya. Abin da ke hana irin wannan yaro barci ai ba ƙiyayya ba ce. Yana son uwarsa, ya yarda da Allah, kuma ya san abin da su biyun suka ce a kansa.

Hukuncin Musulunci da na mafi yawan majami'un Kirista a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, kuma manyan marubutan wannan fanni a ƙarƙashin wannan hukunci suka taso. James Baldwin ya yi wa'azi a wata majami'ar Fentikos a Harlem tun yana ɗan shekara 14 har zuwa 17. Littafinsa na 1953, Go Tell It on the Mountain, ya bi John Grimes a ranar da ya cika 14, cikin Maris na 1935. Kusan ba a furta komai a fili game da yadda John yake kallon Elisha, saurayin da ke kaɗa fiyano a majami'ar. Kokawa suka yi suna sharar ɗakin ibada, shi ke nan. Amma da John ya faɗi ƙasa a daren addu'a yana birgima, muryar Elisha ce ta raka shi har gari ya waye. Mai karatu ba zai iya tsefe tuban yaron daga son da yake yi ba, domin Baldwin ya kitse su tare da gangan. Jeanette Winterson ma, a Oranges Are Not the Only Fruit na 1985, ta ba mu yarinyar da aka rena don ta zama mai bishara a Lankashaya ta Ingila, aka tsare ta ana yi mata addu'ar korar aljanu, ta bar gida. Amma littafin ya ƙare ne da komawarta wurin uwar lokacin Kirsimeti, ba su shirya ba, ba su kuma rabu ba.

Kasuwar littattafan matasa ta Amurka ta fi son wata hanya daban. Yaro ya ɓoye, ya bayyana wa iyaye, a yi kuka, a rungume shi, ko kuwa ya tattara ya nufi babban birni inda ba mai tambayarsa. Ban raina amfanin waɗannan littattafai ga yaron da ke neman abin da zai rage masa kaɗaici ba. Sai dai sun ginu a kan wata fahimta: mutum shi ne mai kansa, faɗin sirri kuma shi ne waraka. Wanda ya taso inda rufin asiri yake cikin abubuwan da ake roƙon Allah safe da yamma, inda abin kunyar mutum ɗaya kan hana ƙannensa aure, ya san lissafin bai tsaya nan ba. Masu karanta littattafanmu na soyayya sun daɗe da sanin haka ta wata fuskar: yarinyar da ake shirin yi wa auren dole ba ta rasa ƙafar gudu ba, albarkar iyaye ce ba ta so ta rasa.

Shi ya sa La Petite Dernière na Fatima Daas, wanda ya fito a Faransa a 2020, ya fi yawancinsu gaskiya a wurina. Mai ba da labarin autar gida ce, iyayenta 'yan Aljeriya, ta girma a Clichy-sous-Bois a gefen Faris, tana fama da asma, tana sallah, tana azumi, tana kuma son mata. Ba ta nemi wata sabuwar fassara da za ta halasta mata abin da take yi ba. Ta ɗauki kanta mai zunubi, kuma ta ƙi sakin sallarta. A wani wuri ta je gaban limami, ta kawo masa matsalar a matsayin ta wata ƙawarta. Duk wanda ya taɓa sauraron shirin fatawa a rediyo ya san wannan dabarar ta tambaya da sunan wani. Tana zaune tana jin amsar da ta riga ta sani, tana gyaɗa kai a madadin ƙawar da babu ita. Wasu masu karatu a Faransa sun so ta zaɓi ɓangare ɗaya, ta la'anci ɗayan. Ƙin zaɓin nan shi ne littafin. Yarda da kai, a nan, ba ta wuce mutum ya daina ƙaryata ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya san suna cikinsa ba, ya ɗauke su duka ya tsaya da su gaban Mahaliccinsa.

Za a iya cewa irin wannan ƙarshe yana koya wa matashi zama cikin azaba. Ƙorafin yana da ƙarfi, musamman idan aka tuna cewa azabar ba a zuci kaɗai take ba. A Najeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, kuma Okparanta ta ambace ta a bayanin da ta rufe littafinta da shi. A cikin labarin ma an cinna wa maɓoyar matan wuta a Aba, ɗayarsu ta ƙone. Amma Okparanta ba ta bar Ijeoma a cikin azabar ba, kuma ba ta fitar da ita ta hanyar zubar da imaninta ba. Ta bi umarnin uwa ta auri Chibundu, ta koma Fatakwal, ta haifi 'ya, auren ya zama ƙunci ga su biyun. Da ta goyo 'yarta ta dawo, ƙofar uwar ta ƙwanƙwasa, uwar nan dai mai Littafi a kan tebur, kuma ta buɗe mata. Shekaru aka ɗauka kafin a kai nan, kuma mai karatu ya yarda da sauyin ne saboda tun farko an nuna masa cewa tsoron wuta ne ya sa matar tsanani, tsoron kada ta rasa 'yarta a lahira bayan ta rasa miji a duniya.

Inda littafin ya gaza a ganina shi ne kan Amina. Adalcin da aka yi wa Adaora ba a yi mata shi ba. Da idon Ijeoma kaɗai muke ganinta: kyakkyawa, mai shiru, wadda mafarkin azaba ya firgita har ta janye jikinta, daga baya ta auri wani Bahaushe ta fice daga labarin. Ba mu ji yadda take kiran Allah da harshen da aka haife ta a cikinsa ba, ba mu san abin da ta tuna na karatun allo ko na uwarta ba. Arinze Ifeakandu, haifaffen Kano wanda tarin labaransa God's Children Are Little Broken Things ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023, ya shigo da garin cikin wannan adabi, amma yawancin samarinsa 'yan ƙabilar Ibo ne Kiristoci. Ijeoma ta sami shafuka ɗaruruwa tana muhawara da Littafinta. Amina kuwa ta kwana da tsoro iri ɗaya a ɗaki ɗaya da ita, aka ɗaura mata aure, marubuciyar ba ta bi ta ɗakin mijinta ba.