Neman Asali a Ƙasar Wurno da Rabah

Wanda ya tashi daga Achida ya nufi Wurno, hanyar za ta kai shi garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, ya zauna, ya kuma rasu a 1837. Hubbarensa na nan, ana ziyara har gobe. Zuriyarsa ba ta wahalar lissafi. Ɗansa Abubakar Atiku na Rabah ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877, shi ya haifi Ibrahim, Sarkin Rabah, wanda ya haifi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Tsatso huɗu ke nan a numfashi guda, domin malamai sun rubuta, maroƙa kuma sun riƙe. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara irin wannan ilimi, kuma littafinsa Tarihin Fulani na cikin abin da masu bincike ke fara buɗewa.

To, ɗan manomin fadama a Goronyo fa, ko jikan mahauci a kasuwar Achida? Shi ma yana da asali, sai dai nasa ba a takarda yake ba. A 1992 an yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Najeriya, kafin nan kuwa akasarin mutanen karkara ba wanda ya rubuta ranar zuwansu duniya.

Shi ya sa binciken ke farawa daga ɗakin tsohuwa. Amma a nan ma akwai tarko, wato alkunya. Kaka ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗanta na fari ba. Sai ta ce "mai gidan nan" ko "shi wancan". Mai neman sani ya yi haƙuri, ya ajiye goronsa, ya koma wurin ƙanwar kakan ko wata tsohuwar maƙwabciya wadda kunyar ba ta hau kanta ba. Ya kuma kasa kunne ga laƙabi. Yaron da ake ce wa Abba ko Baba, yarinyar da ake kira Ummi ko Inna, galibi sunan kaka aka mayar musu. Da sunan yanka na jikan sai a gano na wanda ya daɗe a ƙasa.

Shekaru kuwa da aukuwa ake auna su. Tsoho zai ce mahaifinsa yana saurayi Nasara suka ci Sakkwato, wato 1903, ko an haifi gwaggonsa a shekarar yunwar Kakalaba, wajen 1914. Wani zai ce ya yi aure a shekarar da aka kashe Sardauna, 1966 ke nan.

Fuska ma littafi ce. Zanen Gobirawa a kuncin dattijo na iya jan zare zuwa Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808 mutanensa suka bazu. Wanzamin gida, wanda ya gaji aska daga ubansa, ya san zanen kowace zuriya a unguwa. Al'adar tana ƙarewa, don haka hoton tsoho mai zane abu ne na ajiyewa.

Sunan gari a ƙarshen suna yakan rikita mai bincike. Makarantun boko ne suka yawaita shi. Sardauna kansa Ahmadu Rabah ake kiransa a Kwalejin Katsina. Mutum biyu masu amsa Achida ko Goronyo ba lallai su haɗa jini ba.

Bayan an gama da gida ne takarda ke da amfani. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna na riƙe da fayilolin Lardin Sakkwato, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, masu ambaton ƙauyuka da sarakunansu da sana'o'in jama'a. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Kafin a biya kuɗin mota kuwa, yana da kyau a roƙi limamin unguwa ya kwance gafakar da ya gada, domin wasu malaman da can sukan rubuta haihuwa da rasuwar iyalinsu da tawada a gefen shafi.